Da an hana Musolini man fetur

Kowane ɗan kasuwar Dakoro ya san mota ba ta kai Maraɗi in babu mai. Haka ma tankokin Italiya da suka afka wa Habasha a watan Oktoba na 1935. Majalisar ƙasashen duniya ta wancan zamani ta sa wa Italiya takunkumi, amma ta ƙyale man fetur, mashigin Suwez kuma ya zauna buɗe. Da an toshe waɗannan biyu, da wuya sojan Musolini su shiga Adis Ababa a 1936. Sai dai masu riƙe da makulli, Ingila da Faransa, su ma ƴan mulkin mallaka ne. Faransar da ta ƙulla raba Habasha a asirce, ita ce ta kafa bariki a Dakoro a 1947.