Yashin da ke Cin Ƙwayoyin Cuta: Shawara ga Magidantan Dutsin-Ma da Kurfi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin madatsar ruwa ta Zobe a ƙarshen damina zai yi tsammanin mutanen ƙasar Dutsin-Ma sun rabu da wahalar ruwa har abada. An kammala wannan madatsa a kan kogin Karaduwa a shekarar 1983, kuma idan ta cika tana riƙe ruwa fiye da lita biliyan 170. Shekara da shekaru ruwan yana kwance, ba mai morarsa sosai sai masunta da 'yan lambu, har zuwa watan Yuli na 2021 lokacin da shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya buɗe aikin tace shi da tura shi birnin Katsina.

To, amma bututu ba ya shiga kowane lungu. Mai karatu da ya san ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi ya san inda yawancin gidaje ke samun abin sha: rijiya marar murfi, ko ramin da aka tona a yashin rafi da rani, ko tafkin da shanu ke shiga har gwiwa, ko kuwa jarkar ɗan ga-ruwa wadda ba wanda ya tambayi inda aka cika ta. Sakamakon haka kuwa mun san shi, wato zawon yara da taifot da amai da gudawa. A shekarar 2021 kaɗai, annobar kwalara ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihar Katsina tana cikin jihohin da suka ji jiki.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa 'yan'uwa bayanin wata dabara wadda ba ta bukatar lantarki ko fetur ko magani, sai yashi da tsakuwa da haƙuri. Mun sa mata suna matatar yashi mai rai.

Dabarar tsohuwa ce. A shekarar 1829 wani injiniya mai suna James Simpson ya gina babbar matatar yashi domin ruwan shan mutanen birnin Landan, tun kafin kowa ya san akwai wani abu wai shi ƙwayar cuta. Shi dai burinsa ruwa ya yi garau. Ba a gane girman abin da ya yi ba sai a 1892, lokacin da kwalara ta faɗa wa birnin Hamburg na ƙasar Jamus ta kashe mutane wajen 8,600. Maƙwabcin Hamburg, garin Altona, daga kogi ɗaya yake ɗibar ruwa da ita, har ma a ƙasa da inda ƙazantar Hamburg take kwarara cikin kogin. Duk da haka mutanen Altona kaɗan ne suka kamu, domin su suna ratsa ruwansu ta cikin yashi a hankali kafin su sha, Hamburg kuwa ba ta yi.

Irin waɗannan matatu na birane manya ne, wasu sun kai girman gona. A farkon shekarun 1990 ne Dokta David Manz na Jami'ar Calgary a ƙasar Kanada ya rage girman abin har ya zama wanda za a ajiye a gefen randa. An gwada shi a ƙasar Nikaragua a 1993, daga baya kuma ƙungiyar CAWST, wadda aka kafa a Calgary a 2001, ta riƙa koyar da yadda ake ƙera shi a ƙasashe masu yawa.

Ga yadda yake. Akwati ne na siminti, ko na roba mai kauri, tsayinsa ya kusa mita ɗaya, faɗinsa kamar ƙafa guda. A can ƙasa ana shimfiɗa tsakuwa manya, a bisansu ƙanana, sa'an nan a zuba yashi mai laushi wanda aka tankaɗe aka wanke, zurfinsa kamar rabin mita. A sama akwai faranti mai ƙananan huji, domin idan an kwara ruwa kada ya tona yashin. Bututu yana ɗauko ruwa daga gindin akwatin ya hauro da shi, kuma ana saita bakinsa yadda kullum ruwa mai zurfin santimita 5, wato kamar faɗin yatsu uku, zai zauna a kan yashin ko da ba a zuba sabo ba.

A cikin wannan ɗan ruwa da ke kwance ne asirin yake. Ruwan tafki ko na rijiya yana ɗauke da ƙananan halittu iri-iri waɗanda ido ba ya gani, kuma ba dukansu ne masu cutarwa ba. Idan ana zuba ruwa kowace rana, waɗannan halittu sukan zauna a saman yashin, su hayayyafa, su yi wani yauƙi-yauƙi mai kaurin santimita ɗaya ko biyu. Jamusawa sun ba shi suna mai ma'anar mayafin datti. Abincin mazauna wannan mayafi shi ne dattin da ke cikin ruwa, har da ƙwayoyin cuta. Waɗanda suka kuɓuce musu sukan maƙale a tsakanin ƙwayoyin yashi, waɗansu kuma su mutu can ƙasa saboda duhu da rashin abinci da ƙarancin iska. Matatar da ta nuna sosai tana kawar da kusan dukan tsutsotsi da ƙwansu, da fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙwayoyin bakteriya. A kan ƙwayoyin bairus, waɗanda suka fi ƙanƙanta, ƙarfinta bai kai haka ba.

Masu bincike daga Jami'ar North Carolina ta Amurka sun gwada ta a gidaje a Jamhuriyar Dominika, suka buga sakamakonsu a 2009: zawo ya ragu da kashi 47 cikin ɗari a gidajen da aka ba matata. Mu dai ba za mu rantse a kan adadin ba, tun da yake masu gidan ne da kansu suke faɗin ko yaro ya yi zawo, kuma wanda aka yi wa kyauta yakan so ya faranta ran mai kyauta. Amma ko da rabin wannan ne gaskiya, uwar da ta kwana a asibiti da yaro ana ƙara masa ruwa ta san darajarsa.

Inda muke so masu karatu su natsu shi ne nan: matatar nan abu ne mai rai, kuma kiwonta ake yi kamar yadda ake kiwon akuya. Sabuwar matata takan ɗauki har kwana 30 kafin mayafin ya nuna. A cikin wannan wata ruwan zai fito fari tas, mai gida ya yi murna, alhali kuwa ƙwayoyin cuta suna wucewa. Dole a ci gaba da tafasa na sha. Bayan ta nuna, ana zuba mata kamar lita 12 a lokaci guda, a bar ta ta huta aƙalla awa ɗaya kafin a ƙara, domin a lokacin hutun ne halittun suke cin abincinsu. Kada kuma a bar ta fiye da kwana biyu ba a zuba ba. Iyalin da suka tafi biki ko zaman makoki na mako guda, sai su bar wa maƙwabci amanar zuba mata ruwa, in ba haka ba su dawo su tarar da mayafin ya mutu da yunwa. Haka kuma a riƙa ɗebo mata daga wuri guda, gama halittun sukan saba da ruwan da suka girma a ciki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na masu tsabta. Mace mai son gyara takan ga yauƙi a kan yashi ta kwashe shi, ko ta zuba maganin kulorin a ciki, ta kashe ma'aikatanta da hannunta. Kulorin yana da amfani, amma a cikin ruwan da ya riga ya fito ake sa shi. Idan ruwa ya rage gudu ƙwarai, abin yi shi ne a cire farantin, a ƙara ruwa, a shafa saman yashin da tafin hannu a hankali, a kwashe ruwan da ya gurɓace da moɗa a zubar. Ba a tona yashin, ba a kuma fitar da shi.

Da damina, lokacin da ruwan tafki yake ja kamar kunun kanwa, zai toshe matata cikin 'yan kwanaki in ba a bar shi ya kwanta tukuna ba. A nan zogalen da ke bayan kusan kowane gida zai taimaka. A ɓare busasshen iri, a daka ƙwayar ta yi gari, kamar ƙwaya ɗaya ga kowace lita, a dama da ɗan ruwa, a zuba a bokiti a juya, a bar shi awa ɗaya ko biyu. Laka za ta dunƙule ta sauka ƙasa, sai a tsiyaye na sama. Matan ƙauyukan Sudan sun daɗe suna yin haka da ruwan kogin Nilu kafin masana su rubuta shi.

Akwai abin da matatar ba ta iya yi. Ba ta cire gishiri, ba kuma za a dogara da ita ba wajen cire takin zamani ko maganin feshi da ya narke a ruwa, saboda haka masu ɗiba kusa da lambunan rani su lura. Sa'an nan duk aikinta yakan lalace idan ruwan ya shiga randa marar murfi wadda kowane yaro ke tsoma moɗa da hannunsa a ciki.

Wannan hikima ta barin ƙananan halittu su ci ƙazanta ba a ruwa kaɗai ta tsaya ba. A Turai da Amurka ana tura iska mai wari daga gidajen kaji da na aladu ta cikin tarin ɓawon itace da taki mai danshi, halittun da ke ciki su cinye warin kafin iskar ta fita. Masu kiwon kaji a cikin gari, waɗanda maƙwabta ke kai ƙararsu wurin mai unguwa, suna iya tunani a kan wannan.

Abu mafi tsada a aikin matatar siminti shi ne ƙarfen da ake zuba simintin a ciki, kuma guda ɗaya ya isa a ƙera matatu masu yawa. Gida ɗaya ba zai saye shi ba, amma ikilisiya ko zumuntar mata ko ƙungiyar matasa za ta iya, ta koya wa magina biyu ko uku, ta kuma ba maƙwabta aro ba tare da tambayar addininsu ba, tun da tafki ɗaya muke sha. Ya kamata kuma a naɗa mutum guda da zai riƙa zagaya gidaje a watan farko, domin a ƙasashen da aka raba matatu aka juya baya, an sha komawa a tarar an daina amfani da su. Game da yashi, wanda ya fi kyau shi ne na dutsen da aka fasa, kuma ƙasar Dutsin-Ma ba ta rasa duwatsu ba. Wanda bai samu ba sai na rafi, to, ya ɗebo daga can saman gaɓa inda dabbobi ba sa kwanciya, ya tankaɗe, ya wanke, ya shanya a rana ya bushe sarai kafin ya zuba.