FASHIN BAƘI: Lissafin da ke yanke hukuncin riba ko asara wajen mayar da kwal iskar gas

A shekarar 2010 aka fara gina tashar lantarki ta Kemper a jihar Misisifi ta Amurka, da alƙawarin za ta mayar da kwal iskar gas, ta samar da megawat 582 a kan kuɗin da bai kai dala biliyan 3 ba. Zuwa 2017 kuɗin ya kai dala biliyan 7.5, aka dakatar da sashen sarrafa kwal ɗin, tashar ta koma amfani da iskar gas ta ƙarƙashin ƙasa. Kafin nan an ƙara wa jama'a kuɗin wuta saboda aikin, har sai da kotun ƙolin jihar ta ba da umarni a 2015 cewa a mayar musu da kuɗinsu.

Araha da iskar gas ta yi da kuma matsalolin injina duk sun taka rawa a wannan faɗuwa. Sai dai labarin ya fito da tambayoyi biyu da kowane irin wannan aiki ya dogara a kansu: wane irin kwal za a zuba, kuma tsawon wane lokaci zai ɗauka kafin ya zama gas?

Ba ƙona kwal ake yi ƙurmus ba. Ana zuba shi ne a tanderu mai tsananin zafi, a haɗa shi da tururi da iskar oksijin 'yar kaɗan. Abin da ke fitowa gas ne mai ɗauke da haidurojin da kabon monoksaid, wanda ake yin lantarki ko takin zamani ko man mota da shi.

A cikin tanderun, kwal yakan fara bushewa, sannan ya saki iskar da ke jikinsa, ya bar gawayi. Waɗannan matakai suna da sauri. Inda ake jan ƙafa shi ne wajen haɗuwar gawayin da tururi, kuma wannan jinkirin ne ke ƙayyade girman tanderun da za a gina, wato kuɗin da za a kashe.

Don auna shi, masana kan ɗora ɗan kwal a kan sikeli mai zafi, su riƙa lura da yadda nauyinsa ke raguwa. Daga nan sai su yi amfani da ƙa'idar da masanin ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya fitar a 1889, wadda ta nuna cewa ƙarin zafi kaɗan yana iya ninka saurin haɗuwar sinadarai. Wani tsarin lissafi yana ɗaukar ƙwayar kwal a matsayin abin da ake ci daga waje zuwa ciki. Wani kuma, wanda Bhatia da Perlmutter suka wallafa a 1980, yana la'akari da ƙananan kofofin da ke cikin gawayin, waɗanda ke faɗaɗa yayin da ake cin sa. Idan lissafin ya zuzuta saurin, tanderu zai yi kaɗan, kwal ya fita tare da toka bai gama zama gas ba.

Kwal kuma suna ne ya tara. Mai taushi, wanda ake kira lignait, yana saurin zama gas, amma ruwa kan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ko fiye. Shi ya sa bai dace da tanderun da ake dama kwal da ruwa kafin a tura shi ciki ba. Tanderun da ke aiki da garin kwal a zafin da ya haura digiri 1,300 yana gama aiki cikin daƙiƙoƙi, amma dole tokar ta narke ta kwarara. Idan tokar mai wuyar narkewa ce, sai an ƙara farar ƙasa, kuɗi ya ƙaru.

Kamfanin Sasol na Afirka ta Kudu, wanda ya fara yin man mota daga kwal a 1955, ya zaɓi tanderun Lurgi mai cin dunƙulen kwal a hankali, wanda ya dace da kwal ɗin ƙasar mai yawan toka. Ya daɗe yana aiki, kodayake masana'antarsa ta Secunda na cikin wuraren da suka fi fitar da hayaƙi mai ɗumama yanayi a duniya. Kemper kuwa lignait aka tsara ta ci, da fasahar da a ƙaramar tashar gwaji a jihar Alabama aka jarraba ta kafin a ninka girmanta.

Nijeriya na da kwal a Inugu da Okaba ta jihar Kogi da Maiganga ta jihar Gombe, kuma kowanne da irin ruwansa da tokarsa. Duk ranar da aka zo da kwangilar mayar da shi gas, abin da ya kamata 'yan majalisa da jama'a su fara nema shi ne sakamakon gwajin da aka yi da kwal ɗin wurin, da kuma sunan wanda zai biya idan lissafin ya kuskure.