Kumatun Yaro Ba Shaidar Ƙoshi Ba Ne

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To amma labarin yunwar yaro, kada a tambayi kumatunsa. Mu malaman makaranta mun sha jin uwa na cewa, "Lafiyarsa ƙalau, dubi kumatu." Wannan magana na buƙatar gyara, musamman a ƙauyukanmu na Sinja, Maiurno da Jazira, inda yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya raba dubban iyalai da gonakinsu.

A cikin kowane kunci akwai wani curin kitse na musamman. Wani likitan Faransa mai suna Bichat ne ya bayyana shi a 1802, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Nauyinsa a babban mutum wajen giram 9 ne. Yana kwance tsakanin tsokar kunci da tsokar da muke tauna da ita, a cikin wata 'yar jaka, kuma yana da rassa huɗu da suka miƙa ƙarƙashin ƙashin kunci da gefen kai. Aikinsa shi ne barin tsokoki su zame a kan juna lokacin tauna. Ga jariri kuwa, shi ke tokare kumatu kada su lotsa yayin shan nono.

Abin lura shi ne, jiki ba ya saurin taɓa wannan kitse. Idan tamowa ta kama yaro, kitsen ɗuwawu, cinya da damtse ne ke fara narkewa, na kumatu sai daga ƙarshe. Ke nan ranar da kumatu suka faɗa, yaro ya koma kamar tsoho, cuta ta riga ta yi nisa. Akwai kuma tamowa mai kumburi, wadda ke cika fuska da ƙafafu da ruwa, har a ɗauka ƙiba ce.

To ina za mu duba? Na farko damtse. Ma'aikatan lafiya na da wani zare mai launi uku da suke aunawa da shi, daga ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Ƙasa da santimita 12.5 alamar tamowa ce. Ƙasa da 11.5 kuwa, wato ja, sai asibiti nan take. Na biyu, a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. Idan gurbi ya zauna, kumburi ne, a garzaya da shi.

Iyaye mata, kada a gaggauta yaye. A ci gaba da nono har shekara 2, daga wata 6 a haɗa da kunun gyaɗa, adas, ƙwai ko kifi gwargwadon hali, domin asida kaɗai ba ta isa. Mu kuma maza, kai yaro awo haƙƙi ne a wuyanmu. Allah Ya raya mana zuri'a, amin.