Manhajar da ke bayan shafukan intanet

A farkon zamanin intanet, mai son gyara ko da kalma ɗaya a shafinsa sai ya nemo wanda ya iya HTML, wato harshen rubuta shafukan intanet, ya buɗe fayil, ya gyara, ya sake lodawa. Yau ɗan jarida na zaune a Kano ko Maraɗi zai rubuta labari a wayarsa, ya liƙa hoto, edita ya duba ya danna maɓalli, shi ke nan labari ya shiga duniya. Abin da ya kawo wannan sauƙi shi ne manhajar sarrafa kayan shafi, wadda masu harkar ke kira CMS.

Dabarar ita ce raba abu biyu. Rubutu da hotuna suna ajiye a rumbun bayanai, fasalin shafin kuma, wato launi da tsari da irin haruffa, yana gefe guda. Sai mai karatu ya buɗe shafi sannan manhajar ta haɗa su nan take. Shi ya sa jarida kan sauya kamannin shafinta a dare ɗaya ba tare da ta taɓa tsofaffin labaranta ba. Manhajar ce kuma ke raba iko: wakili ya rubuta amma ba shi da damar wallafawa, edita ya wallafa, mai kula da shafi ya riƙe makullan duka.

Manhajojin nan kashi-kashi ne. Kashi na farko, waɗanda suka fi yaɗuwa, su ne na kyauta, da kowa ke iya saukewa ya gyara yadda ya ga dama. Gagarabadau a cikinsu WordPress ce, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar a 2003; yanzu fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke. Drupal, da Dries Buytaert ɗan Beljiyam ya fitar a 2001, ta fi wuyar koyo, amma gwamnatoci da jami'o'i na sonta. Shafin fadar shugaban Amurka ya hau kanta a 2009, kafin ya koma WordPress a 2017. Akwai Joomla ta 2005, da MediaWiki da ke ɗauke da Wikipedia, har da ta Hausa.

Sai dai kyautar tana da wutsiya. Mai shafi zai biya kuɗin masauki da na sunan shafi, kuma tsaro a wuyansa yake. A watan Oktoban 2014 an gano wata ɓaraka a Drupal 7; daga baya masu kula da tsaronta suka sanar cewa duk shafin da ba a toshe ɓarakarsa ba cikin awa bakwai da sanarwar farko, a ɗauka masu kutse sun riga sun shige shi.

Kashi na biyu kamar gidan haya ne. Wix da Squarespace, da Shopify ta Kanada da aka gina don 'yan kasuwa, su ke riƙe da masauki da tsaro, mai shafi ya riƙa biya duk wata. Mai sayar da atamfa ko turaren wuta na iya buɗe shago a yini ɗaya. Amma yawanci farashin da dala ake yanke shi, don haka duk faɗuwar naira ƙarin kuɗin haya ce. Tashi ma ba sauƙi: shafin da aka gina a Wix ba ya ɗaukuwa ɗungurungum zuwa wani masauki.

Na uku, irin su Contentful da Strapi, rumbu ne kawai ba fuska. Suna aika rubutu ɗaya zuwa shafi da manhajar waya da allon talla a lokaci guda, amma sai da ƙwararrun masu rubuta manhaja, don haka manyan kamfanoni suka fi amfani da su.

Mai wallafa da Hausa yana da ƙarin abin dubawa. Manhajojin nan suna ajiye ƙ da ɗ da ɓ lafiya lau, amma ba kowane salon haruffa ke da su ba. Kafin a sayi fasalin shafi, gara a rubuta kanun labari mai ɗauke da su a gwada a waya, don sau da yawa sukan fito a karkace, ko a ga ɗan akwati a gurbinsu.