A Daina Yi wa Fulani Kuɗin Goro

Wata magana ta ishe ni. A majalisa, a tashar mota, a saƙonnin WhatsApp da ake ta turawa ba tantancewa: wai duk Bafulatani ɗan bindiga ne, wanda bai riƙe bindiga ba kuma infoma ne. Har wasu na cewa a daina sayen nono a hannun matansu.

Ba wanda ke musun ta'asar da aka yi mana. A Disamba 2020 an kwashe ɗalibai sama da 300 daga sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Agusta 2025 an buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau, ƙasar Malumfashi. Da yawan waɗanda ke daji Fulani ne, ba a ɓoye wannan.

To amma shanun wa aka fara korawa? Kafin garkuwa da mutane, satar shanu ce ta addabi yankin nan, kuma makiyayi ne ya fara kwana da garke ya wayi gari da sanda kaɗai. Sannan wa ke kai wa 'yan bindigar fetur da burodi da ƙwaya? Wa ke tsegunta cewa Alhaji wane ya sayar da masara jiya? Da Gwamna Masari ya hana sayar da fetur a jarka a 2021, ai ba rugage ya nufa ba, cikin gari jarkokin ke fitowa. Mai wannan aiki yana iya zama maƙwabcinka, Bahaushe tsantsa, sahu ɗaya kuke sallah.

Talauci da cinye burtali su ma sun taka tasu rawar wajen tura mutane daji.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne 'yan sa-kai su tare mutum a hanyar kasuwa don kawai an ga rawaninsa da sandarsa. Yaron da aka kashe ubansa ba laifin tsaye ba na zaune, ina kuke zaton zai nufa? Dajin Rugu, maɓoyar 'yan bindiga, na jiran sa.

In ka ga abin zargi, faɗi sunan mutumin da abin da ya yi, ka kai wa mai unguwa ko dagaci ko jami'an tsaro. Saƙon murya da ba ka san mai shi ba, kada ka tura gaba. Ka tsawata wa yaronka in ya jefi mai tallar nono da baƙar magana. Limamai su taɓo batun a huɗuba. Duk zaman tsaro da za a yi a gari, a kira arɗo ya zauna, don ya fi kowa sanin baƙuwar fuska a ruga.