Na'urar Sanyin Tsohuwar Mota: Bincika Kafin Ka Biya

Bara da bazara, cikin watan Afrilu, ina kan hanyar Sakkwato zuwa Argungu wajen duba makarantu, sai na'urar sanyin motata, wadda a ke kira iyakwandishan, ta shiga huro mini iska mai zafi kamar ta bakin maƙera. Motar tsohuwa ce, ta hannu na saye ta. Da na komo gida na kai ta wani gareji, aka ce gas ya ƙare, aka ƙara, na biya. Bayan mako uku sanyi ya sāke ɗaukewa. Sau uku ina biya, sau uku gas yana gudu. Daga baya wani dattijon makaniki ya kaɗa kumfar sabulu, ya bi mahaɗar bututu ɗaya ɗaya yana shafawa, har ya iske inda kumfa ke tasowa. Ashe wani ɗan zoben roba ne ya bushe ya tsage, wanda kuɗinsa bai kai na goron safe ba.

Wannan ne ya sa na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana malaman makaranta da akawuna bayani, gama yawancinmu tsohuwar mota mu ke iya saye, albashi kuwa ba ya jure ɓarna. Abin da na ke so mai karatu ya riƙe shi ne, gas ɗin nan ba ƙonewa ya ke yi kamar fetur ba. Zagayawa ya ke yi cikin rufaffen bututu, in ban da 'yar tsiyaya wadda kan ɗauki shekaru kafin a lura da ita. Saboda haka in ya ƙare cikin mako ko wata, lalle akwai inda ya ke yoyo, ƙara shi kuwa ba tare da an toshe wurin ba zuba ruwa ne a rariya.

Yadda Ta Ke Aiki

Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili shi ne ruwa yana tsattsafowa ta jikin randa, yana bin iska, sa'ad da ya ke zama tururi kuwa sai ya tafi da zafin ruwan da ya bari a ciki. To, wannan dabara ce a ke yi a mota, sai dai maimakon ruwa a kan sa wani gas wanda ya ke tafasa tun a digiri 26 ƙasa da sifiri.

Kwamfureso, wanda inji ya ke juyawa da bel, shi ne ya ke matsa gas ɗin har ya yi zafi ƙwarai. Daga nan ya bi ta kwandensa, watau wani abu mai kama da lagireto da ke gabansa, iska ta fifita shi ya koma ruwa. Sa'an nan ya ratsa ta diraya, wadda ta ke tsotse danshi, ya isa wani bawul mai ƙanƙanuwar kafa. Da ya kuɓuce daga matsin nan sai ya shiga wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye cikin dashbod, ya tafasa, ya kwashe zafin iskar da fanka ke turowa ta cikinsa. Daga nan ya koma wa kwamfureso, a sāke sabon zagaye. Watau aikin na'urar duka shi ne ta kwashi zafin cikin mota ta zubar waje. Duk abin da ya tare wannan zagaye, ko ya hana iska ratsa lagireton nan biyu, shi ne ya ke kashe sanyi.

Kamfanin Packard na Amurka ne ya fara sayar da mota da wannan na'ura a 1939, a lokacin kuwa kayanta sun cinye wajen rabin but. A 1954 kamfanin Nash ya tattara su duka a gaba, kamar yadda mu ke gani har yanzu.

Binciken Da Za Ka Yi Da Kanka

Ƙa'idar bincike ita ce a fara da mai araha kafin a kai ga mai tsada. Ido da kunne da tafin hannu sun isa matakan da ke biye.

Da fari, ta da inji, ka kunna na'urar, ka kai fanka ƙarshe. In iska ba ta fito ba sam, duba fis tukuna, gama sau da yawa shi kaɗai ne ya ƙone. In fanka ba ta aiki sai a lambar ƙarshe, to, ɗan abin da ya ke rage mata gudu ne ya mutu, ba shi da tsada. In kuwa iska tana fitowa da sanyi amma ba ƙarfi, ƙurar hunturu ce ta toshe matatar iska. Waɗansu tsofaffin motoci ba su da matata, ƙurar ta kan danƙare ne a jikin ƙaramin lagireton cikin dashbod, sai an wanke shi.

Na biyu, buɗe bonet, ka sa wani ya danna maɓallin sanyi kana kallon goshin kwamfureso. Kamata ya yi ka ji ƙas, ka ga faifan tsakiya ya kama ya shiga juyawa tare da bel. Wannan faifai shi ne kulocinsa. In bai kama ba, kada ka yi saurin yanke wa kwamfureso hukunci. Mai yiwuwa ne fis, ko rile, ko waya ce ta tsinke. Mai yiwuwa kuma gas ne ya yi ƙasa, gama akwai wani makunni da aka sa musamman domin ya hana kwamfureso tashi in gas ya kasa. A tsohuwar mota kuma faifan kan cinye, tazararsa ta yi faɗi, sai ka ga yana kamawa da safe, amma da inji ya yi zafi ya saki. Wannan gyaran tazara ne kawai, ba sayen sabo ba. In ka ji bel yana ƙugi sa'ad da faifan ya kama, ya saki ne ko ya tsufa.

Na uku, taɓa bututun nan biyu na alminiyam da ke ratsawa daga wajen inji zuwa cikin mota, amma ka yi nesa da fanka da bel, ka kuma tattare hannun riga. Mai kaurin ya kamata ya yi sanyi har yana gumi. In kwamfureso yana juyawa amma bututun nan ba sanyi, ko dai gas ya yi kaɗan, ko wani wuri ya toshe, ko kwamfureson ya gaji da matsi. Wannan sai ma'aunin makaniki ya raba gardama. In kuwa bututun yana da sanyi ƙalau amma iskar cikin mota ɗumi gare ta, laifin yana ga 'yar ƙofar da ke raba iskar sanyi da ta hita, ta maƙale ta bar zafi yana shigowa.

Na huɗu, lura da lokacin da sanyi ya ke ɗaukewa. In yana zuwa bisa babbar hanya amma ya gudu da ka shiga cunkoson kasuwa, to, kwandensa ba ya samun iska. Duba ko fankarsa tana juyawa, ka kuma duba ko ƙura da ƙwari da leda sun like masa fuska. Wanke shi da ruwa a hankali, kada ka lanƙwashe masa haƙarƙari. In kuwa sanyi ya zo, bayan rabin sa'a ya ɗauke, ka kashe ka jima ya komo, ƙanƙara ce ta ke toshe hanya. Ko dai danshi ya shiga cikin bututu yana daskarewa a bakin bawul, ko kuwa ma'aunin da ke hana ƙaramin lagireton daskarewa ya lalace.

Na biyar, nemi yoyo. Gas ɗin yana tafe da mai wanda ya ke shafe kwamfureso, saboda haka inda duk ya fita ya kan bar maiƙo, ƙura ta manne. Duba mahaɗar bututu, da jikin tiyo, da goshin kwamfureso, da fuskar kwandensa inda tsakuwar hanya ke bugu. Amma ruwan da ka ga yana ɗiga ƙarƙashin mota in ka tsaya ba yoyo ba ne, raɓar iska ce, alamar lafiya. In ya koma yana jiƙa ƙafar wanda ke zaune gaba, tiyon da ke fid da shi ne ya toshe.

Gas Iri Iri Ne

Motocin da aka ƙera kafin wajen 1993 yawancinsu da gas mai suna R-12 suka zo. Da aka tabbatar yana cinye rufin nan na sararin sama da ke tare mugun hasken rana, sai ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Montreal a 1987, aka yi ta janye shi, R-134a ya maye gurbinsa. Shi ma daga Janairun 2017 an hana sa shi cikin sababbin motoci a ƙasashen Tarayyar Turai, mafi yawa suka koma R-1234yf. Kowanne da irin mansa, man R-12 ba ya tafiya da R-134a. Wanda duk zai juya tsohuwar mota daga wancan zuwa wannan, wajibi ne a zubar da tsohon mai, a sa wanda ya dace, a sāke diraya da zoben roba. A ƙarƙashin bonet akwai 'yar takarda manne, wadda ta faɗi irin gas da nauyinsa. Ƙaramar mota ta kan ci tsakanin giram 500 da 800. Karanta ta kafin ka tafi gareji.

Abin Da Za Ka Nema A Gareji

In bincikenka ya nuna yoyo ne, ka gaya wa makaniki da ladabi, amma ba da wasa ba, ya nuna maka wurin da idonka kafin ya taɓa tukunyar gas. Bayan ya gyara, in bututun ya daɗe a buɗe ko ba kome ciki, a sa sabuwar diraya. Sa'an nan ya sa famfon zuƙe iska na aƙalla minti 30 domin danshi ya fita, ya kashe, ku zuba wa allurar ma'auni ido. In ta tsaya cik, aiki ya yi, in ta motsa da sauran yoyo. Daga nan a zuba gas bisa sikeli daidai da abin da takardar ta ce. Yawan gas ba ya ƙara sanyi, matsi ya ke ƙarawa har ya gajiyar da kwamfureso.

Akwai abu uku da ba za ka yarda da su ba. Kada ka bari a haɗa wayar makunnin nan na tsaro domin a tilasta wa kwamfureso juyawa, gama in gas ya yi kaɗan mai ba ya komo masa, sai ya ci kansa, ya watsa garin ƙarfe cikin bututu duka, gyaran sule ya koma na fam. Kada kuma a zuba maka gas na girki, domin yana kama wuta. Na ukun, ka guji gas mai arahar da ba a san asalinsa ba. A 1987 aka ƙulla yarjejeniya don kare sama, amma jabu bai ƙare a ƙasa ba: a 2011 jabun R-134a da aka gauraya da wani sinadari mai cin alminiyam ya fasa injunan sanyi na kwantenoni a Biyetnam da Barazil, har aka yi hasarar rayuka. Kai kuma kada ka kwance bututu da kanka, gas ɗin yana ƙona fata da tsananin sanyi, in ya fantsama a ido yana iya makantarwa.

Daga ƙarshe ga wata al'ada tamu da ta ke jawo mana hasara. Da ɗari ya shigo a Nuwamba sai mu kashe na'urar, ba mu sāke tuna ta sai Maris. Cikin watannin nan mai ya kan kwanta wuri guda, robobi su bushe, gas ya sulale. Maganinsa ka kunna ta minti 10 kowane mako, ko da kana rawar ɗari. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ke son sanyi da bazara, da hunturu ya ke shirinsa. Allah ya kiyaye mu da hasarar dukiya, ya kai mu gidajenmu lafiya, amin.