Gidan Tarihin Kanta: Fadar Kabawa Da Ta Zama Taskar Tarihi

Duk wanda ya ji an ambaci Argungu, kamun kifi ne ke fara faɗo masa a rai. Amma a cikin garin, ba nisa da kogin Matan Fada, akwai tsohuwar fadar sarakunan Kabi, wadda aka mayar gidan tarihi a 1958 bayan sarki ya koma sabuwar fada a 1942. An raɗa mata sunan Muhammadu Kanta, jarumin da ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya yi hedikwata a Surame.

Ginin kansa shi ne babban abin kallo. Bayan da mayaƙan Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kabi a 1805, Kabawa suka sake tsayawa da ƙafafunsu a Argungu, kuma tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 ba su sake miƙa wuya ga Sakkwato ko Gwandu ba har zuwan Turawa. Takubba da masu, baka da kwari, bindigogin gargajiya, layu da tambura da ke jere a ɗakunan gidan, kayan wannan doguwar turjiya ne. Yawancin littattafai daga bakin waɗanda suka yi nasara suke ba da labarin jihadi. A nan kuwa ɗaya ɓangaren ne ke magana. A harabar kuma aka binne sarakunan masarautar, shi ya sa mutanen gari ke shiga cikin ladabi.

Ko bikin kamun kifin ma daga wannan tarihi ya tsiro. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka shirya bikin domin karrama shi da tabbatar da sulhu. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun da duniya ta gada.

Matsalar ita ce bikin 'yan kwanaki ne, kuma ya taɓa tsayawa kusan shekara goma kafin a dawo da shi a 2020, alhali fata da itace da ƙarfe kulawa suke bukata kullum, saboda gara da tsatsa da damina. Haka lamarin yake ga tukwanen kabari na Dakarkari a ƙasar Zuru, can kudu maso gabashin jihar, waɗanda dillalan kayan tarihi suka daɗe suna farauta.